Daɓen roba: Yadda damina, hunturu da bazara ke yanke lokacin shimfiɗa shi

A shekarun baya, duk wanda ya ga daɓen roba a Najeriya to a babban filin wasa ya gan shi: jan layin nan da 'yan tsere ke gudu a kai, irin na Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja, wanda aka gina domin Gasar Wasannin Afirka ta 2003, ko na Filin Wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Yanzu kuwa ya shiga makarantun kuɗi, inda ake malala shi a ƙarƙashin lilon yara, ya shiga ɗakunan motsa jiki da barandun asibitoci da wasu ofisoshi. Abin da ke jan mutane gare shi a fili yake. Yana da taushin taku, ba shi da santsin tayil, yana rage ƙarar takalmi, kuma yaron da ya faɗi a kansa ba ɗaya yake da wanda ya faɗi a kan siminti ba.

Sai dai kaya ne mai tsada, wanda galibinsa da dala ake shigo da shi, kuma ba baƙon abu ba ne a ga wanda aka shimfiɗa bara ya fara kumbura, ko bakinsa ya ɗago, ko ya riƙa marmashewa ana share shi da tsintsiya. Da zarar haka ta faru sai a ce ɗan kasuwa ya sayar da jabu, ko ɗan kwangila ya yi ha'inci. Wani lokaci hakan ne. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, wadda ita ce ke warware da yawa daga cikin irin waɗannan rigingimu: a wane wata aka yi aikin, kuma a wane lokaci na yini?

Magabata sun san muhimmancin wannan tambaya. Daɓen gargajiya, wanda mata ke taruwa su yi da madaɓi su yayyafa masa ruwan makuba, aikin rani ne, ba a kiran gayyarsa hadari na haɗowa. Na roba ya ma fi na ƙasa tsarguwa da yanayi, domin shi ba ruwan sama kaɗai ke ɓata shi ba.

Ba ledar ɗaki ba ce

Ya kamata tun farko a raba shi da ledar ɗaki da aka saba saye a kasuwa, wadda ake shimfiɗawa a ɗauke duk lokacin da aka ga dama. Daɓen roba iri biyu ne manya. Akwai wanda ke zuwa a shirye daga masana'anta, ko dai a naɗe kamar darduma ko falle-falle kamar tayil, a manna shi da gam a kan siminti. Shi aka fi sawa a cikin gini. Akwai kuma wanda ake kwaɓawa a wurin aiki: a zuba ƙwayoyin roba a injin kwaɓi, a haɗa su da wani gam mai kauri kamar zuma da ake kira foliyuretan, a zube a ƙasa a baje da cokalin gini. Shimfiɗar ƙasa baƙa ce, daga niƙaƙƙun tsofaffin tayoyin mota. Ta sama kuwa, mai launi, daga wata robar masana'anta ce da ake kira EPDM, wadda ke jure rana, kuma a cikinta gam kan kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin robar. Wannan shi ne na filin wasan yara, kuma danginsa ake yi wa layin tsere, tun daga samfurin Tartan na kamfanin 3M, wanda gasar Olamfik ta fara amfani da shi a birnin Meziko a 1968. Har yau da sunan nan ake kiran kowane layin tsere na roba a ƙasar nan.

Ita robar kanta ruwa ba ya yi mata komai. Raunin yana ga gam, da kuma abin da ke ƙarƙashinsa.

Gam ɗin kwaɓi ba ya bushewa irin yadda fenti ke bushewa. Danshin da ke cikin iska yake zuƙa, sinadarinsa ya haɗu da shi, sannan ya daskare. Ke nan yana bukatar danshi, amma ɗan kaɗan kuma a hankali. Idan ruwa ya yi masa yawa lokaci guda, haɗuwar kan haifar da iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa, sai gam ɗin ya kumfato, ya cika da ƙananan ramuka, ya rasa ƙarfin riƙe ƙwayoyin. Idan kuwa iska ta bushe ƙayau, sai ya daɗe yana danƙo bai kama ba. Zafi na gaggauta shi, sanyi na jinkirta shi. Shi ya sa masu yin gam ke rubuta iyakar da za a yi aiki a cikinta a takardar bayanin kayansu, galibi daga wajen digiri 10 zuwa 32 ko 35 a ma'aunin Salshiyas, da sharaɗin kada ruwan sama ya taɓa aikin har sai ya kama, abin da kan ɗauki yini guda zuwa kwana uku.

Akwai tarko a cikin waɗannan takardu. Mafi yawansu a Turai da Amurka da Sin aka rubuta su, inda babban abin tsoro shi ne sanyi da ƙanƙara, saboda haka shawararsu ita ce a jira lokacin zafi. Wanda ya kwafi wannan shawara ya kawo ta Sakkwato ko Maiduguri, ya zaɓi watan da ya fi kowane wata haɗari ga aikinsa ke nan.

Damina

A Kano da makwabtanta ruwa na zama sosai daga Yuni zuwa Satumba, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a watan Agusta, lokacin marka. A Kaduna da Abuja yana farawa tun Afrilu ko Mayu, ya kai Oktoba. Aikin kwaɓi a waje ba yini guda na rana yake bukata ba. Sai ƙasan da za a zuba a kai ya bushe, buhunan robar su kasance a bushe, sannan a samu kwana biyu ko uku a jere babu ko yayyafi. A watan Agusta wannan sai an yi dace. Da yawa daga ruwan Arewa da yamma ko cikin dare yake sauka, wato daidai lokacin da ma'aikata suka tashi suka bar aikin ɗanye. Tamfol na taimakawa a ƙaramin wuri, amma idan ya taɓa saman aikin zai bar masa tabo, gumin da ke taruwa a ƙarƙashinsa na iya ɗiga, kuma iskar da ke gaban hadari ba ta barin tamfol a inda aka ɗaure shi.

Ko ruwa bai sauka ba, danshin iska tare da zafi na sa kwaɓin ya fara kamawa tun yana cikin baro. Mai bajewa sai ya riƙa haɗa sabon kwaɓi da wanda ya riga ya ɗaure, a bar gaɓa a tsakani, kuma daga irin wannan gaɓa tsagewa ke farawa bayan 'yan watanni. Sai kuma raɓa, wadda ke kwana a ƙasa a ƙarshen damina da farkon kaka. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce zafin wurin da za a shafa wa gam ya ɗara ma'aunin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A aikace, ma'anar wannan ita ce a jira hantsi.

A nan ne masu makarantu suka fi faɗawa. Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu yana kamawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da filin wasa ke zaune babu yara kuma mai makaranta ke son iyaye su dawo su tarar da sabon abu. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da kalandar makaranta, babu kuma wanda ya fi shi saɓa wa gam. Hutun Disamba gajere ne, amma ga filin da aka riga aka zuba wa kankare tun da wuri, ya isa a gama aikin har ya kama.

Danshin da ido ba ya gani

Wanda aikinsa ke cikin gini kan ɗauka cewa rufi ya raba shi da yanayi. Ba haka ba ne, kuma a nan aka fi yin asara, domin ɓarnar ba ta bayyana sai an biya kuɗi an watse.

Kankare na ɗauke da ruwa mai yawa fiye da abin da siminti ke bukata wajen kamawa, kuma ragowar sai ta fita a hankali ta sama. Kwana 28 da magina ke ambata lissafin ƙarfin kankare ne, ba na bushewarsa ba. Maginan Birtaniya na da wani ƙiyasi na cewa siririn daɓen siminti na bushewa da misalin milimita guda a kowace rana, mai kauri kuwa ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, har ya kai watanni da dama. A ranin Kano abin zai fi haka sauri, a damina kuma kusan tsayawa yake yi, domin iskar da ta riga ta ƙoshi da danshi ba ta karɓar wani. Idan aka rufe irin wannan daɓe da robar da ba ta numfashi, ruwan ba shi da mafita. Sai ya taru a ƙarƙashi, ya taso da gishirin siminti mai kaifi irin na kanwa, ya cinye gam ɗin. Abin da ke biyo baya shi ne kumburi nan da can, ɗagowar baki, wari, da baƙin datti a layukan haɗi. A ɗakin motsa jiki wannan muni ne kawai da tuntuɓe. A barandar asibiti kuwa maɓoyar ƙwayoyin cuta ce, kuma abin da ke tare tayar gadon mara lafiya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai gini zai iya yi. A yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a manna ta a kan simintin a liƙe bakinta duka da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga gumi a jikinta, ko wurin ya yi duhu, to bai bushe ba. Amma rashin ganin gumi ba shaida ce ta ƙarshe ba. Ingantaccen gwaji shi ne a huda kankaren zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurinsa a sa na'urar auna danshi a ciki, ko a kifa akwatin awo a kansa, kuma iyakar da aka fi amincewa da ita ita ce kashi 75 cikin 100, sai fa idan mai gam ɗin ya rubuta wata daban. Ga babban aikin gwamnati, kuɗin wannan awo ba komai ba ne idan aka gwada shi da kuɗin ɓamɓare daɓen a sake.

Duk wannan yana aiki ne idan an shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin kankaren tun lokacin gini. Inda ba a sa ta ba, daɓen ƙasa zai bushe da rani ya sake jiƙa daga ƙasa a kowace damina, musamman a unguwannin da ruwa ke kusa. Irin wannan wuri jira ba ya gyara shi. Sai dai a shafa maganin toshe danshi a sama kafin gam, ko a zaɓi falle-fallen da ke sarƙafe da juna ba tare da manni ba.

Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu sama a tsare take, babu fargabar ruwa, zafin rana kuma yana cikin iyakar da gam ke so. Wannan ne ya sa lokacin ya fi damina da bazara. Amma yana da nasa sharuɗɗan.

Na farko shi ne bushewar iska. Da rana a Kano ko Katsina danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai gam mai jiran danshi ya yi ta jira. Aikin da ya kamata a taka bayan kwana guda sai ya kwana biyu ko uku yana danƙo, wanda bai sani ba ya buɗe wa mutane, sawunsu ya zauna har abada. Ƙwararru kan yi wa saman feshin ruwa mai laushi kamar hayaƙi, ko su yi amfani da gam mai saurin kamawa, domin masana'antu na yin iri daban-daban gwargwadon yanayi. Feshi aka ce, ba watsa ruwa da bokiti ba, wanda zai mayar da aikin damina. Gam ɗin cikin gida mai haɗin ruwa kuwa akasin haka yake yi: yana shan iska da wuri, ta yadda idan aka shafa wuri mai faɗi, kafin a kai ƙarshe farkon ya bushe ba ya kama komai.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu gari ne mai laushi da ke sauka a kan komai. Idan ya kwanta a kan siminti kafin manni, gam ya kama ƙura ke nan maimakon siminti. Idan ya sauka tsakanin shimfiɗar ƙasa da ta sama, sai su ƙi haɗewa sosai. Idan kuma ya faɗa a kan saman da bai kama ba, launin ya dushe ke nan. Ranar da hazo ya rufe gari har jirage suka kasa sauka ba ranar aiki ba ce.

Hunturu kuma shi ne babban mayaudari game da kankare, domin yana busar da fatar sama ta yi fari fat alhali cikin na jiƙe. Shi kuwa sanyin da takardun Turai ke tsoro, a mafi yawan Arewa bai kai ya hana aiki ba, ko da yake daren Disamba da Janairu a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13, gam ya yi kauri da safe. A Jos da tsaunin Mambila ne ya kamata a duba ma'auni kafin a buɗe durom.

Bazara

A Maris da Afrilu zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, Kano ma ba ta nisa da haka. Wannan zafin iska ne a inuwa. Kwalta ko baƙar roba da ke kwance a rana na iya wuce digiri 60. A kan irin wannan ƙasa gam na tsinkewa ya tsiyaye ƙasa ya bar ƙwayoyin sama ba riƙo, ko kuma, idan iskar damina ta fara kaɗowa da danshinta, ya kama kafin a baje shi.

Ita ma robar tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi. Falle-fallen da aka jera da tsakar rana a miƙe suke, da dare kuwa sai su ja jiki su bar rata a tsakaninsu. Haka abin yake a cikin gini. Ɗakin da za a riƙa sanyayawa da na'ura, idan aka manna masa roba cikin zafin Afrilu tun ba a haɗa wuta ba, ranar da aka kunna na'urar layukan haɗi za su fara buɗewa. Shi ya sa masu yin kayan ke sharɗanta a warware robar a bar ta a ɗakin awa 24 zuwa 48, kuma ɗakin ya kasance a yanayin da za a zauna a cikinsa tun kwana biyu kafin aiki har zuwa kwana biyu ko uku bayansa. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan na nufin a sa man janareta a cikin lissafin kwangila.

Idan dole ta sa a yi aikin waje da bazara, sai a raba yini: daga asuba zuwa hantsi, sannan bayan la'asar. Shafin farko da ake yi wa kankare ya fi kyau da yamma, lokacin da zafi ke sauka, domin da safe iskar da ke cikin ƙofofin kankaren tana faɗaɗa tana fitowa, ta huda shafin. Ga kuma guguwar ƙura da ke share fagen ruwan farko, wadda ba ta sallama.

Kalandar ofis da ta kasuwa

Idan aka tattara duka, watan Nuwamba zuwa farkon Disamba ne ya fi dacewa da aikin waje a mafi yawan Arewa: ruwa ya ɗauke, zafin Oktoba ya karye, hazo bai yi kauri ba. Bayan haka sai a zaɓi ranakun da gari ya washe har zuwa Fabrairu. A Legas da Fatakwal, inda danshi ba ya barin iska, daga Disamba zuwa Fabrairu ne. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin saukar damina da ɗaukewarta a jihohi, tana kuma fitar da hasashen kwana uku-uku da gargaɗin hazo. Kwana ukun nan kuwa su ne daidai abin da gam ke nema.

Daga wannan wata ake lissafi a koma baya. Kankaren waje na son aƙalla kwana 28, sabuwar kwalta kuma mako biyu zuwa huɗu kafin mai ya gama fita daga jikinta. Ke nan sai an zuba su tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kaya kuma su baro tashar Apapa kafin lokacin.

Ga ɗan kasuwa, wannan lissafi na nufin kada ya tara gam da yawa tun da wuri. Galibinsa wata 6 zuwa 12 yake yi a rufe, kuma zaman kwantena ko sito mai rufin kwano a bazara na rage masa kwana. Durom ɗin da aka buɗe da damina aka bar shi ba a rufe sosai ba, fata zai yi a sama, ya fara kamawa daga ciki. Buhunan roba kuwa a ɗora su a kan katako, nesa da yoyo, domin jiƙaƙƙiyar roba kaɗai ta isa ta kumfatar da kwaɓi a ranar da babu ko gajimare. Mai sayarwar da ya tambayi abokin cinikinsa watan da zai yi aiki, ya ba shi irin gam ɗin da ya dace, ya rage wa kansa zargin sayar da jabu.

Ga ma'aikacin gwamnati da ke kula da kwangila, matsin daga wani wuri yake zuwa. Ana son a buɗe aiki ranar 29 ga Mayu, ko 1 ga Oktoba, ko kafin wata gasa, ranakun da suka faɗa a bakin damina ko a ƙarshenta. Sauri kuwa, in ji masu magana, kan haifi nawa. Abin da ke hannun jami'in shi ne takardar kwangila. Yana iya sa a rubuta cewa ba za a manna komai ba sai an nuna sakamakon awon danshi, a kuma riƙa rubuta zafi da danshin kowace ranar aiki a littafin wurin, a bai wa ɗan kwangila damar dakatawa saboda yanayi ba tare da tara ba.

Sai batun kuɗin da ake riƙewa, galibi kashi 5 cikin 100, har wa'adin gyaran kurakurai ya cika. A kwangilolin gini da yawa wa'adin wata shida ne. Daɓen da aka gama a Nuwamba zai cika wata shidansa a Mayu, a sallami ɗan kwangila da ragowar kuɗinsa tun ruwan farko bai jiƙa ƙasa ba, alhali a Agusta ne za a san ko danshi na tasowa daga ƙarƙashi. Wa'adin wata 12 ne kaɗai ke ratsa bazara da damina da hunturu gaba ɗaya, kuma tun a takardar neman tayi ake rubuta shi, kafin kowa ya sa hannu.